Daga Gwiwa zuwa Kano: Abin da kwana biyu suka koya wa Ɗanbirni

  

Yau mota za mu shiga maimakon aji. Kun san an ce alkawari kaya ne. Tun da damina na yi wa yara biyu na gidanmu a Gwiwa alkawarin cewa idan suka ci jarrabawar canjin aji da kyau, zan kai su Kano su yi hutun ƙarshen mako. Sun cika nasu, don haka da aka gama girbi ni ma na cika nawa. Namijin ɗan yayana ne, yana aji biyu na babbar sakandare. Macen 'yar ƙanwata ce, tana aji uku na ƙaramar sakandare. Zan sakaya sunayensu don kada 'yan ajinsu su sa su a gaba. Shi za mu kira shi Ɗanbirni, za ku ga dalili nan gaba. Ita kuwa Uwar Tambaya, don ba ta rabuwa da biro da ɗan littafin rubutu.

Kowannensu ya taho da guzurinsa. Ɗanbirni ya sayar da riɗin da ya noma a gayaunarsa, Uwar Tambaya kuma ta fasa asusunta. Kafin mu bar gida na sa kowa ya raba kuɗinsa kashi huɗu: na mota zuwa da dawowa, na abinci, na shiga wuraren kallo da zirga-zirgar cikin gari, sai na tsaraba. Na mota na karɓa na adana a aljihun ciki. Sauran ukun na ce kowa ya riƙe abinsa ya kashe yadda ya ga dama, amma duk wanda nasa ya ƙare kada ya dubi fuskata.

A kan hanya

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka hau mota zuwa Kazaure, daga can muka shiga ta Kano. Daga Kazaure tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba, ta Dambatta ake bi a ɓulla Dawanau. Hanyar ma da tarihinta. Daga Dambatta ne Ɗantunku ya taso ya kafa masarautar Kazaure a 1819, shekarar da Ibrahim Dabo ya hau gadon sarautar Kano, wanda saboda shi ake cewa Kano ta Dabo. Kuma kafin ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Gwiwa da Roni da Kazaure da Babura duk a cikin Jihar Kano suke. Ku tambayi iyayenku, da yawansu a matsayin 'yan Jihar Kano aka haife su.

Muna wuce Dambatta sai Ɗanbirni ya zaro wani baƙin tabarau ya maƙala, ya matso kusa da kunnena.

"Baffa, don Allah in mun shiga gari kada ka riƙa cewa daga Gwiwa muke."

Na ce, "To daga ina zan ce?"

"Ka dai yi shiru kawai. Da sun ji za su ce ƙauyawa ne."

Ban tanka masa ba. Na san wannan ciwo, don ni ma ya taɓa kama ni ina kamar shekarunsa, kuma na san faɗa ba ya warkar da shi. Na bar wa Kano aikin.

Ana kiran sallar magariba muka sauka. Abu na farko da Uwar Tambaya ta lura da shi shi ne babu 'yan acaɓa a tasha. Na gaya mata tun 2013 aka hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birnin, Adaidaita Sahu ce ta maye gurbinsu. Nan take na koya musu ƙa'ida ta farko: a yi ciniki kafin a hau, a kuma mayar da waya cikin aljihu. Masaukinmu gidan babbar yayarmu ne a Gwammaja, unguwar da gidan Malam Aminu Kano yake, wato Gidan Mambayya. Ɗanbirni ya durƙusa ya gai da Gwaggo, Uwar Tambaya ta gai da Inna, aka sauke mu da tuwon shinkafa da miyar taushe. Wanda yake da ɗan'uwa a birni ya huta da kuɗin masauki, wanda shi ne ya fi nauyi. Abin da ya rage masa shi ne kada ya je hannu rabbana, kuma ya taya aikin gida. Mu tiya biyu ta wake da ƙullin kuka muka kai.

Asabar da safe: Dutsen Dala

Bayan koko da ƙosai muka taka zuwa Dutsen Dala, don daga Gwammaja babu nisa. Hawan safe ya fi daɗi, kafin rana ta buɗe. Akwai matakala har sama. Yaran suka ƙirga su, kowa ya sami lissafinsa daban, suka yi ta musu har numfashi ya hana su.

A nan Kano ta faro. Masu binciken kayan tarihi sun gano alamun narka ƙarfe a wannan wuri tun wajen ƙarni na 7. A kan dutsen ne, kamar yadda tarihi ya zo, Barbushe shugaban masu bautar Tsumburbura ya zauna, kafin zuwan Bagauda wanda ake lissafa sarautarsa daga shekarar 999. Daga sama muka hango Goron Dutse, da koriyar ƙubbar babban masallacin Juma'a da hasumiyoyinsa biyu, sai rufin kwano iya ganinka har ya ɓace cikin hazo.

"Kawu, ina ganuwar da muke karantawa a littafi?" in ji Uwar Tambaya.

Na gaya mata Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ta, sarakunan bayansa suka yi ta faɗaɗawa. Yau ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu gine-gine sun cinye mafi yawanta, sai gutsattsari da ƙofofi irin su Nassarawa da Na'isa da Kabuga da Mazugal. Na ƙara musu da wani abin da ba kowa ya sani ba. Magina ganuwar da gangan suka zagaye filayen noma a cikinta, domin ko abokan gaba sun kewaye gari, mutane su sami inda za su shuka abinci. Na dubi Ɗanbirni na ce, "Ka ji, birnin ma da gona a cikinsa aka gina shi." Ya gyara tabarau ya ci gaba da ɗaukar kansa hoto.

Kurmi da Gidan Makama

Daga Dala muka gangara Kasuwar Kurmi. Ku riƙe sunan sarki ɗaya, Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499. Kasuwar Kurmi da Gidan Makama da fadar sarki, wadda har yau ake kira Gidan Rumfa, duk da zamaninsa ake danganta su.

Kurmi lunguna ce ƙanana, wani wurin mutum biyu ba sa jerawa. Kowane layi da sana'arsa: nan dukawa da jakunkuna da takalman fata, can masu sirdi da linzami da likkafa, gaba kuma ƙanshin kanumfari da masoro da kimba ne zai gaya maka ka iso layin kayan yaji. A zamanin da raƙuma ke ratsa hamada suna kawo gishiri da takarda da tufafi, su koma da fatu da rinannun tufafin Kano. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin garin suna kaiwa har Tambutu da Turabulus. A kasuwar nan an kuma sayar da bayi. Wannan ma tarihinmu ne, kuma ɗalibi na gari yana karanta mai daɗi da marar daɗi.

Uwar Tambaya ta ga wata 'yar jakar fata ta ce ta mahaifiyarta ce. Mai rumfar ya faɗi kuɗi, ta taya rabi, ya ce albarka. Ta juya jakar ta nuna masa inda ɗinki ya ɗan karkace, ta ƙara kaɗan, ta yi kamar za ta wuce. Ya kira ta ya sallama, yana dariya.

"'Yan mata, ke 'yar ina ce?"

"Daga Gwiwa nake, Baba."

"Madalla. Wanda ya koya miki ciniki ya iya."

Ko da na waiga, Ɗanbirni ya riga ya matsa rumfa ta uku, kamar bai san mu ba.

Gidan Makama yana kusa da fadar sarki. Yanzu gidan adana kayan tarihi ne, ana biyan kuɗi kaɗan a shiga, kuma akwai masu zagayawa da baƙi suna bayani. Mun ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da sulke da lifidi da takubba, da hotunan Kano na farkon zuwan Turawa, waɗanda suka ci garin a watan Fabrairun 1903. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalin Uwar Tambaya shi ne sanyin ɗakunan, ga shi babu fanka. Masu karatun kimiyya, ga tambaya ta zo gidanku. Bangon ƙasa mai kauri a hankali yake shan zafi, kafin zafin rana ya ratsa shi zuwa ciki yamma ta yi, da dare kuma ya saki ɗumin a lokacin da ake bukatarsa. Rufin kwano kuwa nan da nan yake ɗaukar zafi ya juye wa na cikin ɗaki. Soron kakanku da kuke rainawa, da irin wannan ilimi aka gina shi.

Gurasa da karofi

Da azahar yunwa ta taso. Wanda ya je Kano bai ci gurasa ba, da sauransa. Da garin alkama da yis ake kwaɓa ta, a manna a jikin tanderun ƙasa mai zafi ta gasu. Muka tsaya wurin wani mai bandashe da mutane suka yi wa layi. Ya tsoma gurasar a ruwa ta yi laushi, ya barbaɗe ta da garin ƙuli da yaji, ya zuba man gyaɗa, ya yanka albasa da tumatir da kabeji a kai. Ga ƙa'ida ta biyu: a baƙon wuri ku ci inda 'yan gari suke ci, abin da aka haɗa a gabanku, ku wanke hannu, ku kuma lura da ruwan da za ku sha. Ciwon ciki ɗaya ya isa ya ɓata tafiyar gaba ɗaya.

Ni da Uwar Tambaya muka ci muka yi nak, har ta sa aka ƙulle mata ragowar. Ɗanbirni ya ce, "Baffa, ni cikina na ajiye wa abincin dare. Gurasa ai ko a Kazaure akwai."

Daga nan sai karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa. Ramuka ne masu zurfi a jere, an daɓe cikinsu. Ana zuba ruwa da toka da baba, wato ganyen da ke ba da shuɗi, a bar su kwanaki su tsima. Wani dattijo da hannuwansa suka rine har gwiwar hannu ya tsoma farin ƙyalle ya ɗago. Sai ga shi kore-kore. Kafin Uwar Tambaya ta buɗe baki, a gaban idonmu ya fara juyewa shuɗi. Dattijon ya ce iska ce take yin aikin, shi ya sa ake tsomawa ana ɗagowa sau da yawa, gwargwadon duhun da ake so. Abin da malamin kimiyyar sinadarai zai gaya muku ke nan: sinadarin baba yana narkewa a ruwan karofi ya shiga zare, idan ya haɗu da iskar oksijin sai ya koma shuɗi ya kama zaren ya ƙi fita. A gefe muna jin ƙarar mabuga, suna bugun rinannen yadi da manyan itatuwa har ya yi ƙyalli.

Ramuka da yawa sun bushe, babu masu aiki a kansu. Dalilin ya faro daga nesa. A 1897 wani kamfanin Jamus mai suna BASF ya fara sayar da shuɗin da aka haɗa a masana'anta, mai araha da saurin aiki, daga baya kuma yadin waje ya cika kasuwanni. Wandon jins da yawancinku kuke sawa, da wannan shuɗin na masana'anta ake rina shi. Uwar Tambaya ta cika shafi biyu. Na lura Ɗanbirni ma ya ɗaga tabarau zuwa goshi don ya ga launin da kyau.

Abincin daren da aka ajiye wa ciki

Bayan la'asar muka cika wa Ɗanbirni burinsa. Muka je katafaren kantin zamani na Ado Bayero da ke Titin Gidan Zu, wanda aka buɗe a 2014, shekarar da Sarki Ado Bayero ya rasu bayan kusan shekara 51 a kan gado. Wuri ne mai kyau da tsabta, ga sanyin esi, ga kaya a jere kowanne da farashinsa a manne. A nan babu tayi, babu albarka. Kallo kyauta ne, muka kuwa yi shi sosai.

Da muka fito, a wani titin daban, Ɗanbirni ya hango wani gidan abinci mai ƙofar gilashi da fitilu, ya ce nan ne. Muka shiga muka zauna. Aka kawo takardar jerin abinci mai hotuna. Uwar Tambaya ta bi farashin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta yi lissafi a littafinta, ta ce askirim ƙarami ya ishe ta. Ni na ce a ba ni ruwa. Ɗanbirni kuwa, da tabarau a ido, ko kallon gefen da aka rubuta kuɗi bai yi ba, wai kada ma'aikacin ya ɗauka ba shi da hali. Ya nuna hoto uku: boga, da soyayyen dankalin Turawa, da wani lemo mai laima a bakin kofi.

Aka kawo, ya ɗauki hoto ta kowace kusurwa, ya cinye cikin 'yan mintuna. Sai takardar kuɗi ta iso. A nan ne ya cire tabarau. Ya karanta, ya sake karantawa, ya nuna wani layi a ƙasa ya ce, "Baffa, wannan ban ci shi ba." Na ce wannan ba a cin sa, haraji ne da ake kira VAT, kashi 7.5 cikin 100 tun daga 2020. Wato in abincinka ya kama naira 10,000, za a ɗora maka 750 a kai. Ya dubi fuskata, na dubi silin. Ya zaro kuɗin abincinsa duka, ya haɗa da na shiga wurare, ya ciro rabin na tsaraba, sannan lissafi ya cika.

Kada ku ɗauka cutarsa aka yi. Farashi yana rubuce, shi ne bai duba ba. A irin wannan wuri, bayan abinci kana biyan hayar gini da man janareta da albashin ma'aikata da sanyin da kake sha. Babu laifi mutum ya ɗanɗana in aljihunsa zai ɗauka. Abin da ya kayar da Ɗanbirni kunyar tambaya ce, alhali attajiran da kuke gani sun fi kowa tambayar "nawa ne?".

A hanyar komawa gida muka tsaya wurin mai tsire. Uwar Tambaya ta sayi tsinke huɗu da kuɗin abincinta, ta kwance ragowar gurasar rana, ta tura gaban yayanta ba tare da ta ce komai ba. Ya ci, ya suɗe takardar. Can ya nisa ya ce, "Baffa, kusan rabin riɗina na cinye a zama ɗaya, kuma wallahi ban ƙoshi ba."

Lahadi: Gidan Zu da Dawanau

Da safe muka yi sallama da Yaya, ta cika mana leda da alkaki da dubulan. Muka nufi gidan namun daji na Audu Baƙo. An sa masa sunan gwamnan Jihar Kano na farko, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, kuma a zamaninsa aka kafa gidan, aka kuma gina madatsar ruwa ta Tiga. A bakin ƙofa Ɗanbirni ya tsaya yana lalube aljihu. Uwar Tambaya ta biya masa, ta buɗe littafinta ta rubuta bashin da kwanan wata, ta sa shi ya sa hannu.

Mun ga zaki da kura da jimina da kada da birai. A gaban kejin kura ta ce, "Kawu, ai Kaka ya ce suna yara kura har bayan gari take zuwa. Me ya sa yanzu sai mun biya kuɗi za mu gan ta?" Na ce ta rubuta tambayar ta kai wa Kakan, ta tambaye shi ina dajin da kurar take kwana ya tafi, da wanda ya sare shi.

Akwai wuraren da lokaci bai bar mu mun je ba. Ga Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909. Ga Kantin Kwari, babbar kasuwar yadi da atamfa. Kano ba ta ƙarewa a kwana biyu, kuma gara wuri biyar da aka tsaya aka fahimta da goma sha biyar da aka wuce a guje.

Amma akwai wuri ɗaya da tun daga gida na ƙudurta sai mun tsaya. A hanyarmu ta fita muka sauka a Kasuwar Dawanau, wadda ake lissafawa cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Ga manyan motoci ana lodi ana saukewa, ga buhuna an jibge kamar duwatsu: gero da dawa da masara da wake da gyaɗa da riɗi da zoɓo. Za ka ji Hausar Nijar, ka ji ta Chadi da Kamaru. Daga irin waɗannan buhuna ake fitar da riɗi zuwa ƙasashe kamar Japan da Turkiyya da Sin, zoɓo kuma har Meziko, inda suke shan sa kamar yadda muke sha. Jiharmu ta Jigawa tana cikin na gaba wajen noma su duka biyun.

A bakin wani sito an buɗe buhunan riɗi. Ɗanbirni, ba tare da ya yi shawara da kowa ba, ya sa hannu ya ɗebo, ya murza a tafinsa, ya busa, ya tauna 'yan ƙwayoyi. Ya ce, "Wannan a ƙasa aka kakkaɓe shi, akwai yashi. Wancan ya fi." Mai siton, wani dattijo da carbi a hannu, ya ɗago kai ya dube shi.

"Samari, kai ɗan ina ne?"

Na yi shiru, Uwar Tambaya ma ta yi shiru.

"Daga Gwiwa nake, Alhaji. Ni ma ina noma shi."

"Ai shi ya sa. Zo nan ka zauna."

Ya ba shi benci, ya shiga yi masa bayani. Ya ce masu saye daga waje ba sa son yashi da tsakuwa, ba sa son riɗin da bai bushe sosai ba, kuma idan gwaji ya nuna ragowar maganin ƙwari a jikin kaya, ana iya mayar da lodi gaba ɗaya. Wanda ya kakkaɓe nasa a kan tamfol mai tsabta, ya sheƙe, ya ware fari daga ja, kuɗinsa daban ne. Ɗanbirni ya miƙa hannu wurin ƙanwarsa ya ce, "Ara mini biro." Tun da muka bar gida, wannan ne karo na farko da ya rubuta wani abu. Sauran kuɗin tsarabarsa kuwa gurasa ya saya wa mahaifiyarsa da su. Tabarau ban sake ganinsa ba har muka isa Kazaure.

Kafin ku hau mota

Na san da yawanku za su je Kano ko Katsina ko Kaduna ko Abuja a hutun da ke tafe. Ga guzurina gare ku:

1. Ku tafi da izinin iyaye, tare da babba, kuma ku rubuta lambar wayar masaukinku a takarda ku sa a aljihu, don waya tana iya mutuwa ko ta ɓata.

2. Ku ware kuɗin komawa gida tun kafin ku tashi, kada ku taɓa shi ko me kuka gani.

3. Ku zaɓi wuraren da za ku je, ku karanta tarihinsu, ku tambayi ranaku da lokutan da suke buɗewa. A Kano, Asabar ɗin ƙarshen wata akwai tsabtar muhalli da safe, ba a zirga-zirga sai an gama.

4. Ku tambayi farashi kafin ku hau, kafin ku ci, kafin ku taɓa.

5. Ku nemi izini kafin ku ɗauki mutum hoto a wurin sana'arsa, kuma ku gaishe shi tukuna.

6. In an tambaye ku daga ina, ku faɗi sunan garinku da murya sosai. Ƙulin da ke kan gurasar birni da geron furarsa da waken ƙosansa, daga gonaki irin na iyayenku suke fitowa.

Aikin wannan makon: ba sai kun je Kano ba. Ku sami wani tsoho a garinku, ko a Gwiwa kuke ko Roni ko Babura ko Kazaure, ku tambaye shi wuri mafi daɗewa a garin, rijiya ce ko kuka ko masallaci ko dutse, da abincin da baƙo ya kamata ya ci in ya zo. Ku rubuta shafi ɗaya, ku sa sunanku da ajinku da makarantarku, ku aiko wa wannan fili. Za mu buga waɗanda suka fi kyau.

Bashin Gidan Zu kuwa, an gaya mini har yanzu ba a biya ba, kuma mai bin bashin ta ce littafinta yana nan.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. A yi karatu da kyau.